Aikin sayen kaya: kamfani ko gwamnati?

Mai tambaya, daga Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Na samu gurbi a sashen sayen kaya na wani kamfani a Kakuri, cikin Kaduna, alhali ina jiran kira daga wata ma'aikatar jiha. Ina roƙon yayyena da suka taɓa wannan aiki su faɗa mini abin da suka gani da idonsu.

Wani jami'i, daga Kawo:
Wa alaikumus salam, ƙanena. A gwamnati doka ce ke riƙe da hannunka. Tarayya na bin dokar 2007 wadda ta kafa BPP, hukumar da ke sa ido kan sayen kaya da ba da kwangilolin gwamnatin tarayya, mu kuma a jiha muna ƙarƙashin takwararta ta jihar Kaduna, wato KADPPA, da dokar 2016. Ba a ba da babbar kwangila sai an tabbatar tana cikin kasafin kuɗi, an tallata ta a jaridu, sannan a buɗe takardun masu nema a bainar jama'a, ana karanta farashin kowane ɗan kwangila yana zaune yana ji. A gabana aka ture takardun wanda ya fi kowa sauƙin farashi saboda babu shaidar biyan haraji a ciki, kuma ba wanda ya isa ya nema masa alfarma. Jinkirin yana da ciwo, amma ranar da masu binciken kuɗi suka zo, fayil ɗinka ne kawai zai tsaya maka.

Wata 'yar'uwa, daga Barnawa:
Malam, a masana'anta ba a tambayar kaurin fayil, ana tambayar yaushe kaya za su iso. Idan inji ya tsaya da safe, kafin azahar dole na samo farashi daga wurare uku, ko da zan shiga kasuwar Panteka da ƙafata, domin ma'aikata suna zaune kuma albashinsu yana tafiya. A nan na koyi ciniki, na kuma koyi gane dillalin da ke cika alkawari. Sai dai idan kasuwa ta ja baya, ana iya sallamar mutum ba tare da ya yi laifin komai ba.

Wani dattijo, daga Unguwar Sarki:
Na yi duka biyun, ɗana, kuma a ko'ina za a miƙo maka na goro. A gwamnati matsin daga sama yake zuwa, a kamfani kuwa daga masu kawo kaya. Ni da kamfani na fara, kuma sanin farashin kasuwa da na samu a can shi ya hana 'yan kwangila yi mini aringizo bayan na koma ma'aikata.