Su wa ke yi wa motocin Maraɗi zane da hannu, kuma ina zan same su?

Telan Bagalam ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambaya gare ni, musamman ga direbobi da masu gareji da duk wanda ya san harkar fenti a garin nan.

Ni tela ne, shagona yana kallon kwalta, saboda haka tun safe har magariba motoci ne ke gilma mini. Mai aikin wuyan riga kuwa idonsa ba ya ƙyale zane. Akwai wata babbar mota mai bodin katako da takan wuce da buhunan wake, lambar Najeriya gare ta. A ƙyauren bayanta an zana zaki ya danne barewa, a sama masallaci mai hasumiya biyu, kowace kusurwa da dagi, irin dagin da muke ɗinkawa a gaban babbar riga. A ƙasa an rubuta "Hassada ga mai rabo taki ce". Gezar zakin nan sili-sili aka ja ta, kana gani ka san mutum ya zauna ya ba ta lokacinsa. Na ga wata mai mikiya ta kamo maciji, na ga mai ɗawisu ya baje jela. Ƙananan ma ba a bar su a baya ba: akori-kura masu zuwa kasuwannin ƙauye, da Hiace masu Ɗan Isa da Tasawa, kowacce da maganarta a gilashin baya.

Abin da ke damuna shi ne aikin hannun nan raguwa yake. Yanzu sitika ce ko'ina, iri ɗaya, wadda ke jikin wannan adaidaita ita ce a jikin waccan. Ina so in ɗauki hotunan na hannun in adana, in kuma san masu yin su. A nan Maraɗi suke, ko sai Katsina da Kano? Ina motocin ke tsayawa mutum ya kalle su a natse? Sannan wa ke zaɓar maganar da za a rubuta, direba ko mai mota?

Tsohon Direba ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Ka sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi.

Ni na fara karen mota zamanin mulkin shugaba Kunce. Lokacin gyaɗa ta riga ta faɗi bayan farin 1973 da 1974, lodinmu ya koma wake da fatu da dabbobi zuwa Najeriya, mu dawo da siminti da kayan masarufi. Motar da ta yi tashe ita ce Marsandi 911. Kai da shasi kawai Alhaji ke saye. Bodin kafintoci ke haɗa shi can Najeriya, don katakon daga kudu yake zuwa, kuma inda anka haɗa bodi nan mai fenti yake zaune yana jira. Shi ya sa mafi yawan manyan zanen da kake gani hannun mutanen can ne. Berliet ta Faransa da munka tarar ba a cika yi mata wannan ado ba. Katako shi ke karɓar zane.

Batun wa ke zaɓa, ga yadda abin yake. Goshin mota na mai mota ne. Nan za ka ga Masha Allah, ko Alhamdu lillahi, ko sunan gidansu. Baya kuwa na direba ne, kuma ba ya rubuta komai a banza. Wanda ka ga ya sa "Allah ya fi su", to da wasu yake, ko a tasha ko a cikin dangi, kuma su ma sun san da su ake. Ran da anka ba ni makullin motata ta farko, bayan shekarun da na yi ina kwana bisa lodi cikin sanyin hunturu, abin da na sa anka rubuta shi ne "Komai nisan dare gari zai waye". Mahaifiyata ba ta karatun boko, amma sai da ta sa anka karanta mata, ta sa mini albarka.

Kuma ka sani, ɗana, zanen nan shi ne sunan mota. Daga Gidan Rumji har Madawa babu wanda ya san lambarmu. Tambaya ake, mai zaki ta wuce? Mai ɗawisu ta dawo? Mace za ta ba ka saƙo ta ce a kai wa direban mai raƙumi, kuma saƙon ya isa. Yau manyan motoci DAF ne da na ƙasar Sin masu bodin ƙarfe, direba bai san ko zai shekara da mota ba, to wa zai kashe kuɗinsa ya yi wa motar da ba tasa ba ado? Ga rufe iyakar Najeriya na 2019, ga na 2023. Wanda motarsa ta yi watanni a tsaye ta kuɗin taya yake, ba ta ɗawisu ba.

Mai Fenti na Sabon Gari ya amsa:

Baba ya faɗi gaskiya, sai dai a wuri ɗaya zan ɗan gyara, da izininsa. Muna nan a Maraɗi, ba mu ƙare ba. Abin da ya faru shi ne aikin ya sauya. Abincina yanzu allunan shaguna ne, da na masu aski, da rubuta suna a ƙofar mota. Zanen ƙyauren baya gaba ɗaya sai jefi-jefi yake zuwa.

In ya zo, ga yadda ake yi. A goge katakon ya yi santsi, a shafa fentin ƙasa, a bar shi ya bushe sarai. Sannan in fitar da surar da alli, mai mota ya gani ya yarda, kafin in taɓa burushi. Fentin mai ake sa wa, launi ɗaya ya bushe kafin na biyu ya hau. Lokacin hunturu wahala ce, don ƙura na manne wa ɗanyen fenti, sai mu rufe da tamfol. Ja shi ke fara kodewa a ranarmu, shi ya sa nake ninka shi. Aikin kwanaki ne. Mai sitika kuwa cikin awa guda ya fitar a kwamfuta ya manna, kuɗinsa bai kai nawa ba. Amma bari zafin Afrilu ya doke ta, za ka ga bakinta ya fara naɗewa. Nawa yakan yi shekaru.

Malam tela, in kana son gane hannun namu da na can, dubi rubutun. Mu da muka bi ta lakwal da Faransanci za ka ga "Hankouri", ko "Rabo say Allah". Na Katsina da Kano "Hakuri" zai rubuta. Giciyen Agadas ma in ka gani, kusan kullum hannun gida ne.

Abin da mutane ke so ma ya canja. Da yawa yanzu suna cewa kada a sa abu mai rai, sai fure da dagi da masallaci da wata da tauraro. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuma aka yi ta neman tuta da taswirar ƙasa da "Zancen ƙasa ne". Aikin da na fi alfahari da shi wani mai mota ƙirar Kanta ne ya kawo, ya ce in zana masa Kantu, ɗan kokowar Maraɗi da ya ɗauki takobi a gasar farko ta ƙasa a Tawa a 1975, wanda filin kokowarmu ke ɗauke da sunansa. Na yi shi a durƙushe, ya miƙa hannu zai kama. Dattawa sun riƙa tsayar da motar suna kallo.

Babbar damuwata yara. Duk wanda aka kawo mini koyo, da ya ga kwamfuta ta fi sauri sai ya koma can. Ban ga laifinsu ba, abinci suke nema, amma hannun da bai saba da burushi tun yana ƙarami ba, da wuya ya ja layi ya miƙe.

Malamin Limanci ya amsa:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Batun surar abu mai rai magana ce ta malamai, akwai hadisai masu tsanani a kai, kuma wanda ya guje mata ya fi samun natsuwa. Dagi da fure da rubutu mai kyau sun ishe mu ado. Amma abin da na fi so in ja hankali a kai shi ne wurin da ake sa sunan Allah. Na sha ganin sa a robar bayan taya, inda taɓo da ruwan kwata ke fantsama. Don Allah masu fenti, in an kawo muku irin wannan ku ce a ɗaga shi sama, goshin mota ko saman gilashi. Karin magana ta zauna a ƙasa, babu laifi.

Telan Bagalam ya sake rubutawa:

Na gode Malam, wannan gyara ne mai kyau. Baba, Allah ya ƙara lafiya, ban taɓa sanin goshi da baya kowanne da mai shi ba. Maigida mai fenti, zan zo in ga aikinka in Allah ya yarda, kuma ina da ƙane mai hannun zane da zan so ka gani.

Uwargidan Zariya ta amsa:

Ni dai ban yarda a raina sitika ba. Yaran nan masu adaidaita yawancinsu ba nasu ba ne, kullum sai sun kai wa mai shi kuɗin yini. Ina za su samu na mai fenti? Da abin da suke iyawa suke faɗin abin da ke ransu. Wani ya manna hoton Shehu Ibrahim Inyas, wani tambarin Real Madrid ko Barcelona, wani ya sa "Addu'ar uwa". Ina sayar da kayan miya, kuma yaron da ke ɗaukar mini kaya daga babbar kasuwa ran Litinin da Juma'a da rubutunsa nake gane shi cikin cunkoso, "Sannu ba ta hana zuwa". Tuƙinsa ma haka yake, shi ya sa na riƙe shi. Ɗana tela, in za ka ɗauki hoto ka haɗa da nasu. Su ma nan da shekara ashirin wani zai neme su ya rasa.

Ɗan Tiranzit ya amsa:

Yaya, akwai wani iri da ba a ambata ba. Motocin da ke zuwa na hannu daga Turai, da yawa da rubutun masu su na farko suke isowa, Jamusanci ko yaren Holan ko Faransanci. Za ka ga hoton burodi ko famfo ko tsani a gefen mota, alhali awaki ta ɗauko daga Dakoro. Direba ba ya gogewa, don rubutun shaida ce cewa motar ba ta sha wahalar hanyoyinmu ba. Sai ya ƙara nasa a ƙasa, Masha Allah da harufan Larabci. A da, ta tashar Kwatano ta ƙasar Benin suke biyowa su shigo ta Gaya. Tun 2023 da hanyar Benin ta toshe, abin ya koma ta Lome da Burkina, kuma shigowarsu ta ragu.

Wurin kallo kuwa, ka je inda ake lodin wake da aya bayan kaka, nan masu bodin katako ke kwana suna jiran kaya. Ka duba garejin manyan motoci na hanyar fita zuwa Ɗan Isa, da gefen babbar kasuwa ranar da take ci. Da sassafe ya fi, kafin rana ta haske launin, kuma lokacin direbobi na zaune wurin mai shayi, ba su cikin sauri.

Amma ka kiyaye, halin da ake ciki na tsaro ba ya son ɗaukar hoto barkatai. Ka yi sallama, ka nemi direba ko shugaban ƴan kamasho, ka faɗi abin da ya kawo ka. Kada ka ɗaga waya kusa da shingen jandarma ko na duwan, kuma in za ka sa hoton a Facebook ka rufe lambar motar. Ka tambayi direban sunan wanda ya yi zanen da garinsu, ka rubuta tare da hoton. Wasu masu fentin sukan sa sunansu ƙanana a kusurwar ƙasa ta ƙyauren, sai ka sa hannu ka share ƙurar kafin ka gani.