Kayan ciki na mai jego: me za a saya, kuma yaushe?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wace irin rigar nono da kamfai suka dace da mai jego, waɗanda ba sa takura kuma ba su yi kama da na tsofaffi ba?

Anti Ungozoma: Wa alaikumus salam. Ki raba sayayyar gida biyu, na kafin arba'in da na bayan arba'in. Ruwan nono yana kawowa sosai wajen kwana 3 zuwa 5, nonon ya cika ya yi tauri, kuma girmansa ba ya tsayawa sai bayan sati 6 zuwa 12. Duk rigar nono mai tsada da aka saya a satin suna, asarar kuɗi ce. A farko ki nemi mai laushi wadda take buɗewa, marar ƙarfe. Ƙarfen nan yana iya danne hanyoyin ruwan nono, wurin ya yi ƙulli, daga nan sai kumburi da zazzaɓi.

Hajiya mai shago: Gaskiyar Anti. Ga yadda ake awo: ki ɗauki tef na tela ki zagaya ƙasan nono, sannan ki zagaya ta inda ya fi cika. Kowane inci ɗaya na bambanci harafi ɗaya ne, 1 A, 2 B, 3 C, 4 D. In ƙasa 34 sama 38, ki fara gwada 34D. Na ce gwadawa, domin lambar wani kamfani ba ta wani ba ce. Ki yi awon kafin shayarwa, lokacin da ya cika. Rigar ta zauna miki a ƙugiyar farko, mafi sassauci, don in jiki ya koma ki riƙa matsawa ciki. Yatsu biyu su shige ƙarƙashin robar baya. Maɓallin gaba kuma ki gwada shi da hannu ɗaya tun a shago, ai ɗayan hannun yana riƙe da jariri. Guda uku sun isa: ɗaya a jiki, ɗaya a wanki, ɗaya a ajiye.

Ummu Sadik: Madauri ya zama mai faɗi. Siriri yana yankar kafaɗa.

Anti Ungozoma: Kamfai kuma na auduga zalla, baƙi ko ruwan ƙasa, mai lamba ɗaya ko biyu sama da wanda kika saba, tsakiyarsa da faɗi don audugar jinin biki ta zauna ba ta zamewa. Wadda aka yi wa tiyata ta sayi mai hawa har cibiya, domin robar ƙaramin kamfai daidai kan ɗinkin take zama ta yi ta gugarsa. Wadda aka yi wa ƙari ta guji nailan da leshi a wurin, suna riƙe gumi. A canza auduga duk awa 3 zuwa 4. In tana jiƙewa sharkaf cikin awa ɗaya, ko akwai wari ko zazzaɓi, wannan ba maganar kamfai ba ce, asibiti za a tafi.

Maman Ilham: To batun kwalliyar fa, Hajiya? 😊

Hajiya mai shago: Bayan arba'in, ƙanwata. Akwai ta shayarwa mai leshi a waje, auduga a ciki. Rigar barci ki nemi mai tsuke a ƙasan nono ta saki zuwa ƙasa, tana rufe tumbi da nanƙarwa, gabanta mai naɗewa. Ja mai duhu ko shuɗi ya fi fari, ɗigon nono ba ya tona asiri.

Telar mata: Ni dai ban goyi bayan bel ɗin nan da ake matse ciki da shi har numfashi ya gagara ba. Matsin yana komawa ƙasa ne, kan mara da ba ta gama warkewa ba. In za a ɗaura, a sassauta, a cire lokacin barci. Sannan kar a wanke kayan nan da ragowar ruwan wankan jego, tafasasshen ruwa yana kashe roba. Ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙamshi. A daina shanya su a bayan ƙofar banɗaki don kunya, ba sa bushewa. A kai su igiya a rana, a lulluɓa siririn mayafi a kai.

Ummu Sadik: Audugar tare ruwan nono ma a canza ta da zarar ta jiƙe, damshi ke tsattsaga kan nono.