Ta yaya zan nemi izinin Alhaji in riƙa zuwa karatu ranar kasuwa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana, akwai waɗanda suka san ni a nan.

Ina tsaron shagon taki da maganin feshi a Dambatta, wajen wani Alhaji aminin mahaifina, Allah ya jiƙansa. Tare suka yi fataucin gyaɗa tun ba a haife ni ba, kuma da Baba ya kwanta ciwo Alhaji ne ya ɗauki nauyin asibiti har Allah ya karɓi abinsa. Bayan sadakar arba'in ya aika aka kira ni ya danƙa mini makulli. Har yau shi ke yi wa ƙannena ɗinkin Sallah, Inna kuwa ba ta da zance sai na alherinsa. Littafin bashi yana hannuna, ni na san wanda ya ɗauki yuriya sai kaka zai biya, ni ne kuma a kan POS.

To na samu gurbin karatun NCE, wato takardar shaidar malanta, a Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa (NTI), irin wanda ake zuwa darasi ƙarshen mako. Inda aka tura ni Asabar da Lahadi ne. Kun dai san Lahadi ce kasuwar Dambatta, ranar da ko ruwa ba ma samun sukunin sha. Kullum sai in shirya maganar, da na ga fuskarsa sai bakina ya mutu. Barci ma ya gagare ni. Ku taimaka mini da shawara.

Baban Sadiq: Yaro, bari in gaya maka abin da wasu za su ɓoye maka. Kada ka soma. Mutum ya riƙe gidanku, ya ba ka amanar dukiyarsa, sai ka ce za ka bar masa shago a ranar da ake cinikin mako guda? Kowane ubangida ya ji haka ya san ƙafarka ɗaya tana waje. Ka zauna ka jira sallama. Jarin da zai ba ka ya fi albashin malamin firamare na shekaru.

Ɗan Makoɗa: Wace sallama? Ni ma haka aka ce mini. Na yi wa wani bauta a shagon hatsi tun ina saurayi har na yi aure, da ɗansa ya gama makaranta sai aka ce in kawo makulli. Abin da na fita da shi buhun gero ne da addu'a. Har yau in na bi ta ƙofar shagon raina ɓaci yake.

Maman Ilham: Ɗana, wannan ba maganar da za ka yi da bakinka ba ce. Ka sa Innarka ta je gidansa, ko kawunka, ko limamin unguwa. Babba ba ya iya cewa a'a a gaban babba.

Mai tambaya: Mama, Inna ba ta sani ba tukuna. In ta ji za ta ce na yi butulci. Kuma na riga na biya kuɗin rajista.

Baban Sadiq: Au, ashe ka gama yanke hukunci! To me kake nema a wajenmu? Da wane kuɗin ma ka biya? In har karatun ya zama dole, ga Kwalejin Noma ta Audu Bako nan a Dambatta. Mai sayar da maganin ciyawa ilimin noma ya kamace shi, Alhaji ma zai ga amfanin abin a shagonsa. Ni na riƙe yara a kasuwa, na san abin da nake faɗa.

Mai tambaya: Da kuɗin adashena ne Baba, ban taɓa ko kwabon shago ba. Ni koyarwa nake so tun ina sakandare, ba yau na fara ba.

Malamin Firamare: Ni akasin Maman Ilham nake gani. In ka tura manya, Alhaji zai ji kamar ƙararsa ka kai. Ka same shi a gida bayan Isha'i, ka je da takardar a hannu. Kada ka je da roƙo kawai, ka je da mafita: wa zai tsaya ranar Lahadi, wa zai riƙe littafin bashi, kuma ka yarda a rage maka wani abu. NCE ce mafi ƙarancin shaidar da ake koyarwa da ita a ƙasar nan, ba wasa ba ce. Sai dai kada in ruɗe ka, akwai 'yan ajinmu da takardarsu ke cikin akwati har yau, mu da muka samu aikin ma kafin tsakiyar wata mun shiga bashi.

Maman Ilham: Ko ka bari damina ta wuce, ciniki ya lafa.

Mai tambaya: Ai ba ya lafawa Mama. Ana gama kaka masu noman rani na dam ɗin Tomas za su fara zuwa. Malam, batun wanda zai tsaya kuma, yaron da muke tare bai iya lissafi ba, ɗan Alhaji kuwa ba na so in yi maganarsa a nan.

Ɗan Makoɗa: Kun ji ko? Akwai ɗa. Na gaya muku.

Baban Sadiq: Kai Ɗan Makoɗa, don naka ubangidan ya cuce ka ba shi ne kowa macuci ba. Yaro, ka je ka nemo kuɗinka tun da wuri.

Mai tambaya: Ba na jin za a mayar. Kuma ni ban ce zan bar shagon ba, kwana 2 kawai nake nema a mako. Darasi zai fara sati mai zuwa. Akwai wanda ya san ko ana yarda mutum ya riƙa zuwa Asabar kaɗai?