Diyyar bauta: wa zai biya, hannun wa za ta shiga?

Baban Khadija:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Tarayyar Afirka ta ware shekarar 2025 don neman diyyar bauta da mulkin mallaka. Maganar ba sabuwa ba ce, tun 1993 aka yi taro a kanta a Abuja, marigayi Abiola na kan gaba, har yau shiru. Masu cewa waɗanda suka yi laifin sun daɗe da mutuwa, don haka a bar kaza cikin gashinta, me za a ce musu?

Malam Idi:
Wa alaikumus salam. Baban Khadija, ai an taɓa biyan diyyar bauta, sai dai iyayen gijin bayin aka biya. Da Ingila ta soke bauta a 1833, fam miliyan 20 ta ware wa masu bayi, irin masu gonakin rake na Jamaika da Barbados, wai an raba su da dukiyarsu. Wanda ya sare raken ko anini bai gani ba, ƙarshenta ma aka tilasta masa ci gaba da aikin kyauta har 1838. Bashin da gwamnati ta ciwo don wannan biya, sai a 2015 aka gama sauke shi. Ke nan jikokin bayin da ke biyan haraji a Landan, da guminsu aka cike.

Na Haiti ya fi ciwo. Bayi ne suka ƙwaci kansu da yaƙi, sai a 1825 Faransa ta jera jiragen yaƙi a bakin tekunsu ta ce su biya faran miliyan 150, diyyar tsoffin iyayen gijinsu. In bashi bai mutu da mutuwar mai shi ba, yaya hakki zai mutu?

Hajiya ta Damagaram:
Malam, ban ƙi taka ba, amma mu ma mu duba gida. Hausawan da suka yi bore a Bahiya ta ƙasar Barazil wajen 1807 zuwa 1814, wa ya kama su ya miƙa wa fatake har bakin teku? Arewacin Najeriya sai 1936 aka haramta bauta baki ɗaya. Mu nan Nijar sai 2003 ta zama laifi a doka, kuma a 2008 kotun ECOWAS ta sa gwamnati ta biya Hadijatou Mani, wata mata da aka bautar, jaka dubu goma ta sefa (sefa miliyan goma ke nan) saboda an kasa kare ta. Har gobe akwai gidajen da ake hana aure don an ce kakan yaro bawa ne.

Ɗan Zongo:
Hajiya kin taɓo inda ke ƙaiƙayi. Ni dai in za a biya, kada a damƙa wa gwamnatoci. Jamus ta amince a 2021 za ta ba Namibiya yuro biliyan 1.1 cikin shekara 30 kan kisan kiyashin da ta yi can a zamanin mulkin mallaka, amma shugabannin ƙabilun Herero da Nama da dama, waɗanda kakanninsu aka kashe, sun ƙi, sun ce an yi cinikin ne a bayan idonsu.