Idan akwai masu rai a wasu duniyoyi, ina matsayin bangaskiyar Kirista?

Malamar Lahadi: Salama gare ku 'yan'uwa. Ranar Lahadin da ta wuce ina cikin koya wa yara labarin halitta daga Littafin Farawa, sai wani yaro ɗan shekara 11 ya ɗaga hannu ya ce ya ji a rediyo an gano duniyoyi fiye da 5,000 masu kewaya wasu taurari, ya tambaye ni ko Yesu ya mutu domin mutanen can ma. Na yi masa alkawarin amsa mako mai zuwa, shi ya sa na kawo maganar gabanku.

Dattijon Ikilisiya: 'Yata, ki fara gaya masa cewa duniyoyi aka gano, amma har yau ba a ga ko ƙwayar halitta ɗaya mai rai a cikinsu ba. Littafi Mai Tsarki bai ce akwai su ba, bai kuma ce babu ba. Mun riga mun gaskata da mala'iku, masu hankali ne kuma ba 'yan Adam ba ne, saboda haka ba mu taɓa cewa mu kaɗai ne masu hankali da Allah ya yi ba. Kolosiyawa 1:16 ta ce ta wurin Almasihu aka halicci dukan abubuwa na sama da na ƙasa, masu ganuwa da marasa ganuwa. Sai dai kada ki kafa hujja da Yohanna 10:16 kamar yadda wasu ke yi, domin waɗansu tumakin da Ubangiji ya ambata Al'ummai ne waɗanda ba Yahudawa ba, wato irinmu.

Ɗan Katolika: Ina so in ƙara a kan maganar Baba cewa tambayar ta daɗe a cikin ikilisiya. A 1277 bishop na Paris, Étienne Tempier, ya haramta koyar da cewa Allah ba zai iya halittar duniyoyi da yawa ba, domin hakan rage wa Allah iko ne. A 2008 Fada José Gabriel Funes, wanda ke shugabantar cibiyar nazarin taurari ta Vatican a lokacin, ya gaya wa jaridar fadar Vatican cewa yarda da yiwuwar samun masu rai a wasu duniyoyi ba ta saɓa wa bangaskiya ba. A watan Mayun 2014 kuma Paparoma Francis ya buga misali da mutanen duniyar Mars da za su zo neman baftisma, ko da yake wa'azin nasa a kan Bitrus ne da yadda aka karɓi Al'ummai a Ayyukan Manzanni sura 11, ba hukunci ya yanke a kan sararin samaniya ba.

Ɗalibin Tauhidi: Da girmamawa, ina ganin yaron ya fi mu kama bakin zaren, domin ba wanzuwarsu ya tambaya ba, ceto ya tambaya. Romawa 6:10 ta ce Almasihu ya mutu sau ɗaya tak, don haka yana da wuya a ce ya zama jiki a kowace duniya ya sake hawa gicciye. In kuwa muka ce jinin da aka zubar a Golgota ya isa ga kowa, kamar yadda Kolosiyawa 1:20 ke maganar sulhunta abubuwan sama da na ƙasa, to ta yaya bishara za ta kai gare su, alhali haske ma sai ya yi fiye da shekara 4 kafin ya iso daga tauraron da ya fi kusa da ranarmu? Akwai kuma abin da Funes ya kawo, cewa mai yiwuwa ba su faɗi cikin zunubi ba, mu ne tunkiyar da ta ɓace aka bar 99 aka zo nemanta. Wannan ya fi kwanta mini a rai, amma hasashe ne, ba aya ba.

Malamar Lahadi: Na gode ƙwarai. Zan karanta musu Luka 15 da Kolosiyawa sura 1. Baba, ko za ka shigo ajin ranar Lahadi? Yaron nan ba ya barin tambaya da sauƙi.