Ragowar gasasshen talotalo: ta yaya zan sa ya kai mu ƙarshen mako?

Uwar Yara Huɗu:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka saba da girkin talotalo. Jiya da daddare na gasa guda ɗaya mai nauyin kilo 6 saboda baƙi, sai rabinsu ba su samu zuwa ba, waɗanda suka zo kuma ba su ci ko kashi ɗaya cikin uku ba. Yanzu haka yana cikin firji a kan farantin da aka gasa shi, gefe ɗaya na ƙirjin ba a taɓa ba, cinyoyin biyu suna nan, ga kuma ƙasusuwa. Mu shida ne a gidan, kuma da yake abin da na kashe a kansa ya shiga cikin kuɗin cefanen mako, ina so ya zama shi ne naman da za mu ci har a yi sabon cefane. Kwana nawa zai iya yi ba tare da ya cutar da yara ba, kuma ta yaya zan sarrafa shi kada su gaji da shi? Na taɓa ɗumama ragowar ƙirji sai ya bushe ƙamas, yaran suka ture kwanon, kuma ba na so hakan ta sake faruwa.

Tsohon Kuku:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Abu na farko shi ne ki sauke shi daga kan farantin nan yau ɗin nan, kada ki bar shi ɗungurungum kina yanka kaɗan-kaɗan kullum, domin haka ne ake asarar rabin amfaninsa. Ki wanke hannu, ki zauna da kwanoni uku. Farin naman ƙirji a kwano ɗaya, jan naman cinya da naman fukafukai a na biyu, ƙasusuwa da fata da wuya da romon da ya daskare a ƙasan farantin a na uku. Kada ki tsaya ga wuƙa kaɗai. Ki juya bayan tsuntsun ki bi shi da yatsa, za ki yi mamakin tsokar da ke maƙale a jikin ƙashin baya.

Dalilin rabawar shi ne naman biyu ba halinsu ɗaya ba. Ƙirji ba shi da maiƙo sosai, ya riga ya dahu iyakar dahuwarsa, duk wutar da kika ƙara masa ruwan jikinsa take matsewa, abin da ya faru da ke a baya ke nan. Shi ana cin sa da sanyinsa a tsakanin burodi, ko kuma a zuba shi cikin miya a minti biyar na ƙarshe, ya ɗauki zafi sosai a sauke. Cinya kuwa tana da kitse da jijiya, tana jure wuta, ita ce ta dace da dafa-duka ko miyar da za ta daɗe tana dahuwa.

Amma ni a wurina kwano na uku ne ya fi daraja, kuma shi ne mutane suka fi zubarwa. Ki kakkarya ƙasusuwan su shiga babbar tukunya, ki zuba ruwan sanyi ya sha kansu, ki sa albasa biyu da karas da tafarnuwa. Idan ya fara tafasa ki kwashe kumfar, ki rage wuta ƙasa sosai yadda sai jifa-jifa za ki ga ruwan ya motsa, ki bar shi awa uku zuwa huɗu. Guringuntsi da jijiyoyin gaɓoɓi suna narkewa a hankali su shiga ruwan, shi ya sa romo mai kyau idan ya kwana a firji za ki tarar ya daskare yana rawa a cokali. Kada ki sa gishiri sai lokacin amfani, domin an riga an sa wa tsuntsun nasa wajen gashi. Daga talotalo irin naki ba za ki rasa lita uku ba, kuma shinkafar da aka dafa da wannan romon ko babu yanka ɗaya a kanta yara ba za su ce babu nama ba.

Ma'aikaciyar Lafiya:

Baba ya yi bayani mai gamsarwa, ni dai zan tsaya ga tambayarki ta farko, Yaya. Dafaffen nama yana yin kwana uku zuwa huɗu a firjin da sanyinsa bai wuce digiri 4 a ma'aunin Salshiyos ba, kuma lissafin yana farawa ne daga daren da aka gasa shi. Saboda haka abin da kika san ba za ku cinye cikin wannan lokaci ba, ki saka shi a firiza yau, kada ki jira sai rana ta huɗu. A firiza yana kai wata biyu zuwa shida kafin ɗanɗanonsa ya fara raguwa.

Sai dai duk wannan ya dogara da abu ɗaya: shin ya shiga firji cikin awa biyu da fitowarsa daga wuta? Idan ana zafi sosai, sama da digiri 32, awa ɗaya ce kawai. Akwai ƙwayar cuta mai suna Clostridium perfringens wadda 'ya'yanta ba sa mutuwa da zafin gashi, kuma idan nama ko romo ya daɗe da ɗumi-ɗumi sai su farka su yaɗu, ba tare da wari ko launi ya canza ba. Shi ya sa shinshinawa ba gwaji ba ce. Wannan ya shafi romon Baba ma: kada ki bar tukunyar ta kwana a kan murhu, kuma kada ki saka ta a firji da cikarta, domin tsakiyarta za ta daɗe ba ta huce ba. Ki tace shi ki rarraba cikin robobi marasa zurfi. Wajen ɗumame kuma, tsakiyar naman ya kai digiri 74, miya kuwa ta tafasa sosai, kuma ki ɗebi iya wanda za a ci kawai.

Mai Lissafin Gida:

Ni abin da ya taimake ni shi ne na daina ɗaukar ragowar a matsayin nama da za a raba wa kowa yanka, na mayar da shi abin da ke ba girki ɗanɗano. Idan aka zazzare shi siriri-siriri, cikin kofi biyu yana isar mutum shida matuƙar akwai wake ko dankali ko taliya da za su cika tukunyar. Nakan ƙulla shi kofi bibbiyu, in zuba ludayin romo a kowane ƙulli kafin ya shiga firiza, domin romon yana hana iska taɓa naman, kuma iskar ce ke jawo ƙarnin nan da ɗumamen naman tsuntsu yake yi. Ina rubuta kwanan wata a jikin kowanne.

Game da gajiyar yara kuwa, kada ki jera musu shi kwana biyar a kamanni ɗaya. Yau a soya shi da ƙwai da albasa, gobe miyar romo da karas da dankali, jibi a huta da shi gaba ɗaya. Fatar ma kada ki zuba ta duka a tukunyar romo. Idan kika yayyanka ta kika sa a kasko ba tare da mai ba, za ta fitar da nata man ta yi ƙarau, sai ki barbaɗa a kan shinkafa, man kuma ki soya albasa da shi.

Uwar Yara Huɗu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ya shiga firji kafin baƙin su tashi, bai kai awa biyu a waje ba, hankalina ya kwanta. Na zare naman na samu ƙulli biyar, uku sun tafi firiza, ƙasusuwan kuma suna kan ƙaramar wuta tun ɗazu. Baba, maiƙon da ke taruwa a saman romon, in kwashe shi yanzu ne ko in bari sai ya daskare?

Tsohon Kuku:

Ki bari sai gobe, Hajiya. Idan ya kwana a firji zai daskare ya zama fari a sama, ki ɗauke shi da cokali gaba ɗaya ki ajiye a ƙaramin mazubi mai murfi, ki soya dankalin miyar da shi.