Logrotate na ƙin aiki da dare, in kashe SELinux ne?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kula da wata 'yar saba a shagon yayana a Sabon Gari, Rocky Linux 9 ce a kanta. Faifanta ya kusa cika, sai na kwashe fayilolin log na manhajarmu zuwa /data/logs a sabon faifai. Tun daga ranar logrotate, manhajar da ke rage tsofaffin fayilolin log, ya daina rage su. In na kira shi da hannuna a matsayin root, lafiya lau, amma da dare in lokacinsa ya yi sai "Permission denied". Har chmod 777 na yi, ko gezau. Wani abokina ya ce in kashe SELinux, wato tsarin tsaron da ke cikin Linux ɗin, in huta. Me kuka gani?

Ɗan Samaru: Wa alaikumus salam. Malam, kar ka kashe. Chmod ba ruwansa a nan, don SELinux lakabi yake dubawa, kuma ko root bai fi ƙarfin dokarsa ba. Da dare logrotate yana tashi ne a ƙarƙashin lakabin logrotate_t, an kuma ƙayyade masa irin fayilolin da zai taɓa. Kai kuwa da hannu unconfined_t ne, shi ya sa babu mai tare ka. Buga ls -Z /data/logs ka gaya mana.

Mai tambaya: default_t na gani, yallaɓai.

Ɗan Samaru: To ga ɓarawon nan. Yi semanage fcontext -a -t var_log_t "/data/logs(/.*)?" sannan restorecon -Rv /data/logs. In babu semanage, saka policycoreutils-python-utils. Ka kuma cire 777 ɗin nan, don Allah.

'Yar Tudun Wada: Ƙanina, ka riƙa duba ausearch -m avc -ts today, a nan za ka ga abin da SELinux ya hana. Ka kiyayi audit2allow, ni ya taɓa ruɗa ni: zai rubuta maka dokar da ke halatta wa logrotate taɓa duk fayil mai default_t, alhali lakabin babban fayil ɗaya ne ya lalace.

Ɗan Kongo: Ni fa Ubuntu nake yi, AppArmor ne a can a madadin SELinux, ban san wannan wahalar ba.

'Yar Tudun Wada: Wahala kuma? Tun 2003 SELinux yake cikin Linux, daga hukumar NSA ta Amurka ya fito. In gwaji kake so, semanage permissive -a logrotate_t ya isa, shi kaɗai za a sassauta wa.

Mai tambaya: Na gyara lakabin, yanzu var_log_t yake nunawa. Allah Ya saka da alheri. Sai dai an ɗauke wuta, sai gobe da safe in gani ko ya yi aikin daren.